Ranar da Ɗanladi Ya Sabunta Tsohuwa

A tashar motar Utako babu wanda bai san cewa Ɗanladi injiniyan kwamfuta ne ba, domin shi da kansa ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya sanar da su. Sana'arsa ta zahiri cajin waya ce da liƙa gilashi a fuskar waya, a ƙarƙashin wata lema mai ruwan ɗorawa. Amma ya taɓa yin kwas na mako uku a wani bene a Mararaba, aka ba shi takardar shaida, ya kai aka naɗe ta da leda, ya rataye ta a sandar lemar. Tun daga ranar, idan ka kira shi Ɗanladi kawai ba Injiniya, sai ya waiga yana neman wanda kake nufi.

Lemar tasa tana fuskantar tagar ofishin Sai Mun Dawo, kamfanin Oga Zacharias mai motocin Jos. Ba don inuwa ya kafa ta a nan ba. A bayan tagar Ikilima take zama tana yankar tikiti, yarinya marar yawan magana, wadda idan ta yi murmushi sai Ɗanladi ya liƙa wa mutum gilashi a karkace.

A gaban Ikilima akwai kwamfutar ofis, wadda kowa ke kira Tsohuwa. Fara ce a da, yanzu ta koma kalar kunun gyaɗa. Elvis, ɗan ƙanwar Oga, shi ya haɗa ta kafin ya tafi karatu ƙasar waje. Aikinta bai da yawa. Ta karɓi sunan fasinja, ta ba shi lambar kujera, ta buga tikiti, sannan ta buga manifes, wato takardar sunayen fasinjoji da na ɗan'uwan da za a kira idan wani abu ya faru a hanya. Idan babu manifes, masu gadin ƙofar tasha ba sa ɗaga wa mota sanda.

Kullum da safe idan aka kunna ta, sai wani ɗan akwati ya fito a fuskarta yana tambaya, a sabunta ta yanzu ko sai an jima. Shekara shida Oga Zacharias yana danna sai an jima.

Ran wata Alhamis da yamma Ɗanladi ya jingina da tagar ya ce, "Oga, tsakani da Allah kana zaluntar baiwar Allahn nan. Kullum tana roƙon a yi mata abdet, kana ce mata gobe."

Oga ya ce, "Tana buga tikiti?"

"Tana yi, amma ɓarayin intanet fa? Bairos fa? Kwamfuta kamar mota ce, sai da sabis."

Hafizu direba, wanda ke zaune a benci yana cin gyaɗa, ya ce, "Sabis ɗin ma ba a yin sa da fasinja a ciki."

"Kai ka tsaya a sitiyari, Hafizu. Wannan maganar masu satifiket ce."

Oga ya rufe Tsohuwa da ƙyallen da matarsa ta saƙa mata ya ce, "Ɗanladi, motar da ke tafiya lafiya ba a buɗe mata bonet a tsakiyar titi. Je ka kula da cajarka."

Washegari da sassafe aka yi wa Oga waya cewa motarsa ɗaya ta mutu a garin Uke, kan hanyar Jos. Kafin ya tafi ya kira Ikilima gefe. Ya ce, "'Yata, yau ofis yana hannunki. Idan motar ƙarfe goma ta fita ƙarfe goma da manifes ɗinta, sabon ofishin da zan buɗe a Mararaba naki ne."

Ikilima ta ce to, a hankali. A Mararaba take zaune da iyayenta. Shekara biyu ke nan tana tashi tun kafin assalatu don ta riga goslon Nyanya, ta dawo bayan isha'i ƙafafu a kumbure. Ofis a Mararaba yana nufin ta taka da ƙafa ta je aiki, ta ci abincin rana a gida.

Ɗanladi ya ji komai daga ƙarƙashin lemarsa. Nan take ya tsallaka shagon Innocent mai aski ya zayyana masa shirinsa.

"Yau zan sa Tsohuwa ta koma budurwa. Fasinja kafin ya buɗe baki tikitinsa ya fito. Mota ta tashi tara da rabi. Oga ya dawo ya ce wane ne ya yi wannan, Ikilima ta nuna ni da yatsa, idonta da hawaye."

Innocent ya ce da gurguwar Hausarsa, "Oga ta ce ka taɓa?"

"Oga bai san abin da yake so ba."

"Ni dai ba ruwana. Kai ne na gyara min rediyo last year, har yanzu Faransanci kawai yana kamawa."

Wajen ƙarfe takwas sa'a ta zo wa Ɗanladi cikin siffar Mama Prudence, wata dattijuwa mai ƙiba da ta iso da firji za ta kai wa 'yarta Jos. Hafizu ya ce firjin ba zai shiga but ɗin mota ba sai a kwance. Mama Prudence ta ce firjinta bai taɓa kwanciya ba tun da aka saye shi, ba kuma zai fara a motar Hafizu ba. Da murya ta yi sama, Ikilima ta fito rabon faɗa. A bakin ƙofa ta ce, "Malam Ɗanladi, don Allah duba min tagar minti biyu. Dubawa kawai, da ido."

"Ranki ya daɗe, kamar kin bar ta a banki."

Tana juya baya ya zauna a kujerarta, ya naɗe hannun riga, ya nemo ɗan akwatin nan, ya yi bismilla ya danna yanzu.

Tsohuwa ta yi shiru kamar ba ta yarda da abin da ta ji ba. Can sai fankarta ta ɗauki ƙugi, fuskarta ta koma shuɗiya, rubutu ya fito da Turanci cewa ana girka sabuntawa ta ɗaya cikin ɗari biyu da goma sha huɗu, kada a kashe kwamfuta.

Ikilima ta dawo ta tsaya a kansa. Ta dubi fuskar kwamfutar ta ce, "Da ido na ce."

"Ai idon ne ya ga tana shan wahala. Minti biyar ne, Gimbiya."

"Ɗari biyu da goma sha huɗu a minti biyar?"

"Na farkon ne mai wuya. Sauran bin sahu suke yi kamar tumaki."

Minti biyar ɗin ya haifi 'ya'ya. Fasinjoji suka yi layi a taga. Ikilima ta ɗauki takarda tana rubuta sunayensu yadda suka zo, tana ba su haƙuri. Ɗanladi kuwa ya fito waje yana yi musu lacca, cewa su gode wa Allah, yau suna cikin tarihi, irin wannan aikin a Dubai sai an rufe gari.

Ƙarfe tara saura kwata, Tsohuwa ta kai ta ɗari da talatin, aka ɗauke wuta.

Akwatin batirin da ke ƙarƙashin tebur, wanda ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci, ya fara ƙara, tit, tit, tit. Ɗanladi ya ce kada kowa ya tsorata, ya ruga wajen janareta. Tanki a bushe. Ya waiga ya hango wani galan a gefen motar Hafizu, ya sure shi ya juye rabi a ciki. Ya ja igiya sau tara. Janareta ya yi tari ɗaya, ya yi amai, ya yi shiru.

Hafizu ya zo ya ɗaga galan ɗin ya ce, "Injiniya, wa ya shanye min ruwan lagireto?"

"Ruwa ne? To me ya sa yake kore?"

"Kai fetur kore ka taɓa gani?"

"Akwai shi a ƙasashen waje."

Akwatin batir ya ƙara sauri, tit-tit-tit. Ikilima ta tambaya me zai faru idan ya mutu ana tsakiyar aiki. Ɗanladi ya ce a kwas ɗinsu ba a kai wannan babin ba, amma dai ba alheri ba ne. Sai idonsa ya sauka a kan rufin shagon Innocent, inda farantin sola ke ƙyalli a can ɗaya gefen tashar.

"Za mu kai ta can. A kunne."

Matsalar ita ce kayan Tsohuwa duk a haɗe suke da gajerun wayoyi, kuma ba wanda za a cire. Ɗanladi ya rungumi uwar kwamfutar. Hafizu ya ɗauki akwatin batir yana tsaki. Ikilima ta riƙe firinta da allon rubutu. Mama Prudence, da ta ga tafiyarta na neman lalacewa, ta yi gammo da ɗankwali ta ɗora talabijin ɗin kwamfutar a ka. Haka suka fito su huɗu, manne da juna, kowa na jan ƙafa daidai da na kusa da shi, Ɗanladi na ba da umarni.

"Hagu. Dama. Mama, ki rage tsawo, waya tana ja."

"In rage tsawo? Kai ka ƙara hankali."

'Yan kamasho suka bar lodi suka biyo su. Wani ya ce, "Ina za a kai amarya?" Wata mai sayar da kunu ta rangaɗa guɗa. Mai shayi ya cire hula, shi a zatonsa gawa ce. Saman kan Mama Prudence kuwa rubutu na ci gaba da tafiya, fasinjoji na biye suna karanta wa juna: ta ɗari da arba'in da ɗaya, ta ɗari da arba'in da biyu.

A shagon aski sun tarar da Innocent yana tsakiyar yi wa wani tsohon soja aski, shi ma fasinjan motar goma ne. Innocent ya ce, "Solar nawa ba ya ɗauka biyu. Ko kilifa ko kwamfuta." Kafin tsohon sojan ya gane abin da ake tattaunawa, Ɗanladi ya zare kilifa ya soka Tsohuwa. Ƙarar batir ta tsaya. Tsohon ya dubi madubi, rabin kansa tas kamar ƙwarya, rabi kuma furfura tsaye.

Ya ce, "Yaro, ni za a bari haka?"

"Minti biyar, Baba."

Ikilima ta ce, "Baba, zauna da kyau. Na san minti biyar ɗinsa."

Tara da rabi da 'yan mintoci Tsohuwa ta cika ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa, ta sake farfaɗowa da sabuwar fuska mai hoton teku. Mutanen da suka cika ƙofar shagon suka yi tafi. Ɗanladi ya rusuna hagu, ya rusuna dama, ya ce wannan kaɗan ne daga cikin aikinsa.

Ikilima ta duba agogo ta ce akwai sauran lokaci idan aka yi sauri. Ta miƙa masa takardar sunaye ta ruga ofis ɗauko hatimin kamfani. Ɗanladi ya zauna a kujerar aski, ya ce bari ya gwada da suna ɗaya tukuna. Ya kare allon da kafaɗa, ya rubuta wani abu yana murmushi shi kaɗai. Firinta ta amsa. Sai ya shiga zuba sunayen fasinjoji da yatsa biyu, tikiti na fitowa fit, fit, fit. Gaskiya sauri kam an samu. Ya tattara guda goma sha huɗu ya raba da hannunsa, kowa da ɗan jawabinsa.

Fasinja ba ya karanta tikiti, lambar kujera kawai yake dubawa. Mama Prudence ta duba nata ta ga lamba ɗaya, kujerar gaba ta jikin taga, wadda ake rububi. Ta gode wa Ubangiji ta nufi mota. A ƙofar gaba ta tarar da tsohon soja ya riga ya sa ƙafa ɗaya.

"Baba, kujerata ce."

"Madam, lamba ɗaya ce a hannuna."

Wani ɗalibi ya ce shi ma ɗaya gare shi. Wata mai jego ta ɗaga nata. Wani alhaji mai babbar riga ya ce shi bai saba jayayya ba, amma a duba. Cikin minti ɗaya mutum goma sha huɗu suka taru a ƙofa guda, kowa na ɗaga tikiti sama, kujerun baya kuwa wayam, firji na tsaye a ƙasa.

Hafizu ya ce, "Injiniya, zo ka nuna min yadda zan jera su. A cinyata ko a kan bonet?"

Ɗanladi ya iso yana share gumi. "Jama'a, ku fahimta. Sabon tsari ne. Yanzu a duniya an daina bambanta fasinja, kowa na gaba ne."

Tsohon soja ya ce, "Kawo manifes. Sunan da ke lamba ɗaya shi zai zauna." Ya fizge takardar daga hannun Ɗanladi, ya gyara tabarau, ya buɗe muryar fareti, daidai lokacin da Ikilima ta iso da hatimi.

"Lamba ɗaya. Suna, Injiniya Ɗanladi. Kujera, ɗaya. Wanda za a kira idan wani abu ya faru, Ikilima, amaryata in sha Allahu."

Duk tashar aka juyo ana kallon Ikilima.

"Lamba biyu. Suna, Injiniya Ɗanladi. Kujera, ɗaya. Wanda za a kira, Ikilima, amaryata in sha Allahu. Lamba uku."

Ɗanladi ya ce, "Baba, ya isa, an gane."

"Ba a katse soja. Lamba uku."

Sai da ya karanta goma sha huɗun nan cif. Daga na biyar 'yan kamasho suka fara amsa masa in sha Allahu baki ɗaya, kamar ana addu'a. Ashe sabuwar Tsohuwa ta daina jituwa da tsarin tikitin Elvis, sunan farko da aka ba ta shi ta riƙe, ta yi ta maimaitawa. Mai kunu ta zauna a ƙasa don dariya. Mama Prudence ta dubi Ɗanladi sama da ƙasa ta ce, "'Yata, idan wani abu ya same shi kada ki ɗauki wayar."

Ikilima ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Agogo ya nuna goma saura biyar. Ta nufi Ɗanladi kai tsaye. Ta karɓi takardar sunayenta daga aljihunsa, ta ɗora a kan bonet, ta karɓi tikitin kowa tana juya bayansa tana rubuta suna da kujera da biro, yadda suka zo da safe. Mai jego ta samu gaba, babu wanda ya yi musu. Ta roƙi Innocent ya ƙarasa wa Baba askinsa. Ta ja layi a farar takarda ta rubuta manifes da hannu, ta buga hatimi, ta kai wa masu gadin ƙofa da kanta ta tsaya har suka yarda. Firji ma ta shawo kan Mama Prudence aka jingina shi, ba a tsaye ba, ba a kwance ba.

Motar ta fita goma da minti ashirin da biyar. Ikilima ta bi ta da kallo, ta juyo, sai ga Oga Zacharias tsaye kusa da mai shayi, hannu a baya. Mai shayi ya ce tun soja na karanta lamba bakwai yake nan.

Ikilima ta sunkuyar da kai ta ce, "Oga, ta makara. Ni na bar masa tagar."

Oga ya juya ya nufi wajen Innocent. Ya shiga shagon aski ya dubi Tsohuwa da hoton tekunta, ya kira Elvis a waya ya buɗe murya kowa na ji. Elvis ya saurara, ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce, "Kawu, laifin naku ne ku biyu. Ana sabunta kwamfuta, amma kaɗan-kaɗan, ranar da ba aiki, bayan an kwafe komai an ajiye. Kai ka hana ta abinci shekara shida, shi kuma ya ɗura mata tuwon shekara shida a zama ɗaya. Ku bar ta, sai na zo hutun Kirsimeti."

Ɗanladi ya ɗago kai. "Kun ji ko? Ana sabuntawa. Abin da nake faɗa ke nan."

Oga ya ce, "Na ji. Daga Litinin har Kirsimeti kai ne kwamfuta. Za ka zauna a tagar nan ka rubuta tikiti da hannu."

Fuskar Ɗanladi ta washe. Ya saci kallon Ikilima. "Kusa da ita?"

"Ita tana Mararaba. Ofishin can ko wuta ba a ja ba tukuna. Ina neman wanda zai iya loda mota da biro a tsakiyar mahaukata, yau na gani da idona."

Ikilima ta ce, "Na gode, Oga."

Gab da magariba ta rufe taga ta ɗauki jakarta. Ɗanladi na naɗe wayoyin caja a hankali, yana jiran ta zo wucewa.

Ya ce, "Kin ga dai, ba don ni ba da Oga bai ga basirarki ba. Duk cikin tsari ne."

"Haka ne."

"Wancan abin kuma da Baba ya karanta, kada ki ɗauke shi da zafi. Sabon sistem ne, yakan yi hasashe da kansa."

"Kwamfuta ce ta rubuta?"

"Ita ce. Ni ma na yi mamaki."

Ikilima ta gyara mayafinta, tana kallon ƙasa. Ta ce, "To shi ke nan. Da kai ne ka rubuta, da na ce ka zo Mararaba ka maimaita a gaban Babanmu. Tunda kwamfuta ce, a gaishe ta."

Ta wuce abinta wajen motocin Mararaba. Ɗanladi ya tsaya baki buɗe, caja a hannu. Sai da ta kusa ƙofar tasha ƙafafunsa suka tuna aikinsu. Ya zabura, waya ta harɗe shi, lemar ta kife a kansa. Daga ƙarƙashinta aka ji muryarsa.

"Ikilima, ni ne! Wallahi ni na rubuta!"

'Yan kamasho suka ce, "Mun sani, Injiniya. Sau goma sha huɗu."